Majeed Ya Auna Inuwa

Duk wanda ya yi karatu a kwalejinmu ta horar da malamai, can hanyar Choggu a Tamale, ya san Majeed ko bai so ba. Ba sai ka neme shi ba, shi zai same ka. In kana cin abinci zai gaya maka yadda ake dafa shi a Kumasi, in babur ɗinka ya ƙi tashi zai tsaya a kanka yana bayanin injin jirgin sama har ka gaji ka tura abinka. Ni Shahida aji ɗaya muka yi da shi tun shigarmu har fitarmu, kuma ban taɓa jin ya ce bai sani ba. Sau ɗaya ya kusa faɗa, tari ya cece shi.

A bayan laburare akwai wani fili da muke kira Gindin Mangwaro. Laburaren yana da fanka, amma fankar ta yi ritaya tun kafin mu zo, don haka duk mai son karatu da gaske can yake tafiya. Manyan bishiyoyin mangwaro ne a jere, ƙarƙashinsu tsofaffin bencuna na katako, wasu ƙafa uku da dutse. Ƙa'idar wurin ɗaya ce: benci yana bin inuwa. Da safe a ja shi yamma da bishiya, rana ta take a tura shi gindinta, da la'asar a koma gabas. In ka ji rana ta taɓa maka ƙeya sai ka ce wa na kusa da kai ya kama can, ku ɗaga, ku ci gaba da karatu.

Wadda ta fi kowa buƙatar wurin ita ce Sista Adizatu. Ta girme mu, matar aure ce mai goyo, kuma gidan hayarsu a Changli bango ɗaya ne ya raba ɗakinta da injin niƙa. Ta taɓa faɗuwa jarrabawar ƙarshe, wannan karon shi ne damarta ta ƙarshe, in ta sake faɗuwa sai sallama. Kullum bayan lacca takan shimfiɗa zani a kan benci ta kwantar da ɗanta Abdul-Latif, ta zauna a gefe da littafi. A ƙasa ba ya kwantuwa, saboda ƙasar wurin ta tururuwa ce, mu baƙi ne.

A zangonmu na ƙarshe malamar labarin ƙasa, Madam Evelyn, ta shigo aji da wata na'ura rawaya mai kama da tsohuwar wayar hannu. Ta ce sunanta GPS, da taurarin ɗan'adam take magana su gaya mata inda take a doron ƙasa. Ka tsaya a wuri, ka jira, ka danna. A fuskarta akwai wata da'ira mai nuna girman kuskure, in ta ƙanƙance aiki ya yi kyau, in ta buɗe to na'urar tana kame-kame ne. Ta raba mu rukuni-rukuni, ni da Sista Adizatu da Elikem, wani ɗan kudu mai ƙarancin magana, Allah ya haɗa mu da Majeed.

"Ku zana mini taswirar Gindin Mangwaro," in ji Madam. "Iyakarsa, bishiyoyinsa, da inda ake zama. Shi ke nan."

Ta miƙo na'urar tsakiyarmu, hannun Majeed ya riga na kowa.

"Madam, ki huta," ya ce. "Ni da tauraro mun saba. Na taɓa gyara wa kawuna dish ɗin talabijin a Walewale, har tashar Sin ya kama."

"Ya so tashar Sin?" in ji Elikem.

"Daga baya ya saba da ita."

Muna fita ya tara mu a baranda, ya rage murya kamar mai shirin juyin mulki. Ya ce mu aikin aji muke gani, shi tarihi yake gani. Wai ya ji ƙishin-ƙishin cewa Alhaji Imoru, tsohon ɗalibin kwalejin kuma babban dillalin siminti a Nyohini, yana neman abin alherin da zai yi wa makarantarsa. In taswira ta yi kyau, za a zuba bencuna na siminti, na dindindin, a kafa allon ƙarfe da sunan wanda ya auna.

"Sunan rukuni dai," na ce.

"In wuri ya rage a allon."

"Ni dai a bar mini inda zan kwantar da yaro," in ji Sista Adizatu.

"Sista Adiza, naki zan fara aunawa. Har da abin jingina."

Washegari muka hallara gindin babbar bishiyar. Majeed ya zo da rigar shadda da takalmi sau-ciki, ya tsaya kusa da bencin Sista Adizatu, ya ɗaga na'urar ya danna. Muka jira. Da'irar ta buɗe, ta ƙara buɗewa, har ta haɗiye filin da wani sashe na hostel.

Elikem ya leƙa ta kafaɗarsa. "Masta, abin nan ya ce ko muna nan, ko muna bayin maza. Bai yanke shawara ba."

"Ganye ne ya tare," in ji Majeed. "Tauraro ba ya ganin mu. Sai an je masa."

Kafin wani ya ce uffan ya saka na'urar a baki, ya rungumi bishiyar, ya hau da takalminsa. Duk ɗan Tamale ya san jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganyen mangwaro su yi gida, ya kuma san ba sa karɓar baƙo. Can sai ganye ya fara kaɗawa alhali babu iska. Ya sauko da saurin da ya fi na hawa, yana cire rigar tun yana sama, ya dira a gaban 'yan matan aji ɗaya daga shi sai singileti, yana marin kansa ta ko'ina.

"Na sami abin da na je nema," ya ce yana haki.

"Su ma sun samu," in ji Elikem.

Mma Basiratu, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin filin, ta zo da man kaɗanya a murfin kwano. Ta miƙa masa ba tare da ta yi dariya ba, wanda ni na ɗauka babbar sadaka ce.

"Ɗana, in mangwaro kake so, ka jira shi ya nuna."

"Mma, bincike ne."

"To binciken ya kumbura maka kunne."

Bai karaya ba, ai Majeed ba ya karaya, sai dai mutane su karaya da shi. Ya aro gorar da ake tsinko mangwaro da ita, ya ɗaure na'urar a samanta da igiyar takalmi, ya cusa ta ta cikin rassa har ta leƙa sama. Ya tsaya riƙe da gorar yana murmushi, muna kallonsa yana kallonmu. Sai da ya gaji da riƙo Sista Adizatu ta tambaye shi, cikin ladabi, wane ne zai danna. Ya ce dama gwajin gorar yake yi, kuma gorar ta ci jarrabawa.

Aka bar maganar bencuna, aka koma iyaka. Wannan mai sauƙi ne, a kunna na'urar a zagaya filin da ƙafa, ita kuma ta zana hanyar da aka bi. Majeed ya ce shi kaɗai zai yi, wai takunmu zai rikita tauraro. Ya saka ta a aljihun gaba, ya fara tafiya yana ɗaga ƙafa kamar ɗan sanda a fareti. Ya yi rabin zagaye lafiya, sai ga wani tsoho, ƙanen kakansa, ya ratso ta cikin kwalejin yana tura keke da buhun masara.

To, a garinmu ba a gaida babba a tsaye, ba a kuma gaishe shi a gurguje. Majeed ya durƙusa, tsoho yana tambaya yana amsa "Naa, naa," aka bi gida ɗaki-ɗaki har awaki. Da aka gama, ba zai yiwu ya bar tsoho da tura kaya ba, ya karɓi keken ya raka shi bakin ƙofa. A ƙofa tsoho ya ce ai nan kusa za shi. Nan kusa ɗin cikin Choggu ne. Can aka ba shi ruwa, aka ce maƙwabta suna suna, kunya ta hana shi wucewa, tuwo ya hana shi tashi. Sai bayan la'asar ya dawo a yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, yana sakace, na'urar tana aljihu tana ta aikinta bil haƙƙi.

Da Madam Evelyn ta buɗe abin a kwamfuta ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Majeed, wurin karatunku yana da faɗi."

"Madam, ɗalibai suna da yawa."

"Akwai masallaci a ciki, da mai facin taya, da rabin Choggu. Nan kuma an tsaya an daɗe."

"Suna ake yi, Madam."

"Ɗalibai suna karatu a wurin?"

"Ana koyon zaman duniya."

Ta goge layin ta ce a sake. Elikem ne ya sake, cikin ɗan lokaci, kansa a sunkuye don kada ya haɗa ido da wani dattijo.

Abin ya ɓata wa Majeed rai. Ya ƙwace na'urar ya fita daga inuwa yana ƙunƙuni, ya ratsa ta tsakiyar filin da ke yamma da bishiyoyin, wurin da ko akuya ba ta tsayawa da rana. Nan na'urar ta yi ƙara. Ya tsaya cak. Da'irar ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero. Na ga fuskarsa a lokacin, kuma wallahi na san fuskar: ita yake yi duk sanda wata dabara ta zo masa.

Dabarar ita ce a fito da kowane benci fili inda tauraro zai gan shi da kyau, a danna, a mayar. Ya shiga tada mutane daga karatu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka zage shi da Dagbanci, wasu da Hausa, wani ɗan Kumasi ya haɗa masa da Tiwi. Wani ɗalibi da ke barci ya ƙi tashi, aka ɗauke shi da bencin aka kai rana, aka auna shi, aka dawo da shi bai farka ba. Da aka zo kan bencin Sista Adizatu ta ɗauki ɗanta ta miƙe, amma ta bi su har wurin.

"Majeed, nan ba a zama."

"Ba zama za a yi ba, aunawa za a yi."

"To abin da kake aunawa ai rana ce."

"Sista Adiza, tauraro yana sama. Abin da bai gani ba, babu shi."

"Ni ina ƙarƙashin bishiyar can tun bara."

"A kimiyyance ba ki nan."

Na ce masa ya daina mana wasa da hankali, ɗigon nan duk a rana suke. Ya dube ni da tausayi irin na likita. Ya ce a kwamfuta ake mayar da su gindin bishiya, danna ɗaya ne, shi zai yi da kansa. Bishiyoyin kuwa tunda sun ƙi ba tauraro haɗin kai, ya bar su tukuna. Haka taswirarmu ta fito: ɗigo-ɗigo a jere gwanin kyau, kuskure ɗan mitsitsi, babu bishiya ko ɗaya. Madam ta dawo mana da ita ta ce Gindin Mangwaro babu mangwaro ba ta karɓa ba, mu gyara bayan hutu.

Hutun gajere ne, na shirin jarrabawa. Ni na tafi Salaga wurin kakata, Elikem ya yi kudu, Sista Adizatu tana Changli da injin niƙanta. Majeed kuwa ya buga taswirar a babbar takarda mai sheƙi, ya nannaɗe, ya saka hula, ya nufi shagon Alhaji Imoru. Alhaji mutum ne mai son abu a jere. Ya ga ɗigo a layi, ya ji an ce daga sama aka auna, ya ce a fara gobe.

Sauran labarin daga bakin Mma Basiratu na ji shi. Ta ce Majeed yakan zo da magina bayan sallar asuba, yana bin na'ura yana kafa turaku. A wannan lokacin rana tana ƙasa-ƙasa, inuwar mangwaro ta miƙe doguwa har ta rufe filin. Da babban magini ya ce masa wurin kamar ya yi nisa da bishiya, sai Majeed ya nuna ƙasa da yatsa.

"Mi ke wannan?"

"Inuwa."

"To."

Kafin rana ta ɗaga ya tafi kai wa Alhaji rahoto, magina kuma an ce su bi turaku, suka bi turaku. Ana gobe buɗewa ya sa aka shafe bencunan da baƙin fenti mai mai, wai don kada su riƙa nuna datti. Tsofaffin na katako kuma aka loda su a mota aka kai wata firamare ta ƙauye, aka yi jawabi aka ɗauki hoto.

Ranar da muka dawo ita ce ranar buɗewa. Na iske Sista Adizatu a tsaye gindin babbar bishiyar, yaro a baya, littattafai a hannu, tana kallon ramukan da ƙafafun bencinta suka bari a ƙasa. Can a fili ga sababbin bencuna baƙaƙe wuluk suna ƙyalli, kowanne da abin jingina, kamar yadda aka yi mata alkawari. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na ji tausayinta har idona ya kawo ruwa, don jarrabawa ta matso kuma na san ba ta da wani wurin.

An sa bikin bayan azahar, saboda Alhaji ba ya fita kafin nan. Tsakiyar bazara ce, irin ranar da in ka taɓa sirdin babur sai ka yi salati. Alhaji Imoru ya iso cikin farar babbar riga, tare da abokansa dattawan kasuwa, duk cikin farare. Shugaban kwaleji ya tarbe su da kwat. Ɗalibai muka cunkushe a tsaye ƙarƙashin bishiyoyi. Baƙin suka nufo inuwa kamar yadda duk mai hankali zai yi, Majeed ya tare su da lasifika a hannu, yana kiran Alhaji "Mba", wato baba da Dagbanci.

"Mba Alhaji, ba a buɗe benci a tsaye. Sai mai kyauta ya fara ɗanawa."

Alhaji ya tattara rigarsa ya zauna a bencin gaba. Na ga ya lumshe ido. Ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe sai ya ce "Alhamdulillahi" a hankali, irin wadda ake faɗa a wurin ta'aziyya. Ganin babba ya zauna, sauran duk suka zauna, kowa yana taɓa simintin sai ka ga kafaɗunsa sun ɗaga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A wurinmu ba a kushe kyauta a gaban mai ita, ba a kuma miƙewa kafin babba ya miƙe. Shi kuma Alhaji ba zai zabura daga kan kyautarsa a gaban jama'a ba, ai ya tona wa kansa asiri. Saboda haka kowa ya zauna yana jiran kowa. Shugaban kwaleji ya karkata hagu, ya karkata dama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya sauke. Wani dattijo mai ƙiba ya fito da carbi yana ja da saurin da ban taɓa gani ba. Madam Evelyn ta zura jakarta ƙarƙashinta a hankali, ta ci gaba da kallon gaba kamar ba ita ba.

"Suna dahuwa," in ji Elikem a kunnena.

Majeed kuwa yana tsaye, iska tana ratsa shi, ya fara jawabi. Ya faro daga yadda mutanen dauri suke bin taurari a hamada. Ya bi ta kan jiragen ruwa. Ya yi bayanin yadda ya hau bishiya da kansa don kimiyya, ya tsallake maganar tururuwa. Gumi yana ɗiga daga gemun Alhaji zuwa kan aikin rigarsa. Majeed ya juya shafi, ya ce wannan gabatarwa ce, yanzu zai shiga jawabin.

Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ɗana."

"Na'am, Mba Alhaji."

"Ka wahala da yawa. Bai kamata muna zaune kana tsaye ba. Zo nan kusa da ni, ka ƙarasa a zaune."

"Mba Alhaji, ai ban isa ba."

"Ka isa. Zauna."

Wandon Majeed na yadi ne marar kauri, ya saye shi musamman don ranar. Ya zo ya zauna bakinsa har kunne. Murmushin bai tafi ba, sai dai ya tsaya a inda yake, ya daskare. Ya ɗan ɗaga, Alhaji ya ɗora masa hannu a gwiwa, hannun mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga buhun siminti.

"Tauraron nan," in ji Alhaji, "ni ban yi karatunsa ba. Ka yi mini bayani daga farko. Kada ka yi sauri."

"Yana sama, Mba Alhaji."

"Sama ina?"

"Can sama sosai."

"Shi ya ce a sa bencin a nan?"

"Shi ya tabbatar."

"Shi yana zama?"

"Ba ya zama, Mba Alhaji, yawo yake."

"Na ga alama."

Muryar Majeed ta fara sirancewa. Ya ce kuskuren bai kai tsawon tabarma ba. Ya ce a duk arewa ba a taɓa auna benci haka ba. Ya ce zafin da ake ji alama ce ta siminti mai kyau. Alhaji ya ce madalla, ya ƙara tambayarsa taurarin su nawa ne, kuma ya faɗi sunayensu. A nan ne Majeed ya yi abin da ba a yi: ya zabura ya miƙe kafin babba, da wata ƙara kamar an yage sabon yadi. Fentin ya narke, ya riƙe bayan wandon, kuma bai sake shi duka ba.

Tunda yaro ya riga ya karya ƙa'ida, laifi ya sami mai shi. Alhaji ya miƙe a natse, dattawa suka miƙe tare kamar an yi sallama daga salla, filin ya cika da ƙarar tufa tana rabuwa da fenti. Suka jero zuwa inuwa cikin mutunci, kowace farar riga da baƙin hoton benci a bayanta, har da abin jingina. Ba wanda ya yi dariya. Mma Basiratu ta shige bayan tukunyarta ta daɗe tana neman wani abu.

A gindin bishiya Alhaji ya duba hagu ya duba dama, babu abin zama.

"Ina na katakon?"

"An yi sadaka da su, Mba Alhaji," in ji Majeed, hannuwansa biyu a baya. "Da sunanka. Har an yi maka addu'a."

Alhaji ya gyaɗa kai, don sadakar da aka yi wa addu'a ba ta dawowa. Sai Abdul-Latif ya fara kuka. Sista Adizatu ta matso, ta durƙusa da goyonta har ƙasa, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Mba Alhaji, mun gode da alheri. Jarrabawa ta zo, kuma ita ce ta ƙarshe gare ni. Ina zan kwantar da yaro in yi karatu?"

Alhaji ya dubi yaron, ya dubi tururuwan da ke kai da komo kusa da gwiwarta, ya juya ga Majeed.

"Kana da gado a hostel?"

"Ina da shi, Mba Alhaji. Mai kyau ma. Ni na gyara masa ƙafa."

"A fito da shi."

Shugaban kwaleji, wanda bayan kwat ɗinsa bai nuna fenti ba amma jikinsa ya san abin da ya faru, ya amince nan take. Ya ƙara da nasa hukuncin bisa shawarar Alhaji: Majeed zai dasa mangwaro kusa da kowane benci, ya riƙa ba su ruwa, kuma takardar shaidarsa za ta zauna a ofis har sai sun wuce tsayinsa. Majeed kuwa Allah ya yi shi dogo.

Haka aka yi. Gadon ƙarfe ya zauna a Gindin Mangwaro har aka gama jarrabawa, yaro yana barci a tsakiya, uwarsa a gefe da littafi, mai gadon yana kwana a ƙasa a hostel yana gaya wa mutane cewa likitoci sun ce hakan ya fi wa baya. Mu sauran a tsaye muka yi bita, ko a tsugune muna karkaɗe ƙafa, kuma har yau ban yafe ba. Sista Adizatu ta ci jarrabawarta. Ranar da sakamako ya fito na rungume ta muka yi kuka a gaban ofis, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan an tura mu koyarwa, wata rana muka koma kwalejin ni da ita karɓar wasu takardu, Abdul-Latif yana tafiya da ƙafarsa yana riƙe da zaninta. Muka hango Majeed a tsakiyar filin da bokiti, ya tara sababbin ɗalibai yana gaya musu cewa shi ne mutum na farko a Ghana da ya zana taswirar inuwa tun kafin ta zo. Dashen ya kai masa gwiwa. A kan bencin da ke kusa akwai 'yar inuwa kamar tafin hannu.

"Majeed, sannu da aiki," in ji Sista Adizatu. "Yaushe za a zauna?"

Ya ajiye bokitin, ya dubi bencin, ya dubi sama, ya goge gumi.

"Sista Adiza, wurin daidai yake. Inuwar ce ta makara."

Ya ɗauki bokitinsa ya wuce dashe na gaba, wanda akuya ta riga shi zuwa.